Kina Jin Teku?

Wadda ta rubuto min wancan makon cewa ni sakarya ce, na ga saƙonki, kuma ban goge ba. A lokacin na ji haushi har na fara rubuta miki amsa mai zafi. Yau da safe na sake karantawa, sai na ga ashe ma raga min kika yi. Ku gyara zama, don abin da ya faru jiya ban iya faɗa wa kowa da baki ba, sai dai in rubuta.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, Kunnuwa ake ce min a gida. Tun ina ƙarama ba a iya ɓoye min magana, in aka yi raɗa a ɗaki ina tsakar gida sai in amsa. Da na girma sai kunnen ya zama sana'a. Daga ɗakina nake aiki, kamfanonin waje su turo min muryoyin mutane, hira ko taro ko bayanin likita, in saurara in mayar da su rubutu. Kuma ba magana kaɗai ake rubutawa ba. In wani ya yi tari sai in sa [tari], in an buɗe ƙofa in sa [ƙarar ƙofa]. Aikin ya bi jikina har ta kai in Gwaggo tana min faɗa, ni kuma a raina ina ta jera mata: [tsaki], [tafa hannu], [wani tsakin].

Aikin nan ba ya neman ofis, wuta yake so da sabis, su kuma biyun a unguwarmu baƙi ne, sai sun ga dama suke leƙowa. Ranar da wuta ta ɗauke ina tsakiyar aikin gaggawa, wani kamfani ya sallame ni da kalmomi masu laushi, a ranar na rantse sai na bar nan. Akwai ƙasashen da ke ba irinmu biza, ka je ka zauna ka yi aikinka a kwamfuta, ba ruwansu da kai in dai kana biyan haya. Na tace na tace har suka rage uku, na sa musu laƙabi don kada Inna ta gane in ina waya. Mai Sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa amma rana ke faɗuwa tun la'asar. Mai Tsauni, inda rayuwa ke da sauƙi, agogonsu kuma kusan ɗaya da na masu ba ni aiki. Sai Mai Teku.

Mai Teku can Yaya ya tafi. Mu biyu kaɗai Inna ta haifa, Baba kuma ya rasu tun muna makaranta. Yaya ya samu aiki ta intanet, aka turo masa tikiti, muka raka shi da murna. Watannin farko kullum sai ya kira. Daga nan kira ya ragu, daga nan ya tsaya, lambarsa ta daina shiga. Shekaru ke nan. Ba mu yi zaman makoki ba, don ba wanda ya ce mana ya mutu, ba mu kuma daina jira ba. Ɗakinsa na can ƙarshen gida, ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta tsakar gida ɗaya ta lungu. Inna ta kulle ta tsakar gidan ta saki labule a kai, bara kuma da abubuwa suka matse ta ba wa wani mai gyaran waya hayar ɗakin, yana shiga ta lungu. Malam Shiru nake ce masa. Na san takalminsa, na san shanyarsa, na san yadda yake sunkuyar da kai in mun haɗu, amma ban taɓa jin ya yi magana ba. Gaisuwa ma da hannu yake yi.

To, sai Na-Nesa. Shi ne dalilin da aka kira ni sakarya. Wata rana saƙo ya shigo daga lambar waje, ya ce a zauren intanet na masu aiki daga gida ya ga ina tambaya kan biza, shi kuma a Mai Teku yake zaune. Daga bayanin biza aka gangara zuwa kin ci abinci, daga kin ci abinci aka kai inda kuka sani. Ba ya ɗaga kira, ya ce sabis ɗin gidan da yake ba ya ɗauka. Saƙon murya yake turowa. Jama'a, ni da muryoyin mutane ne abincina, ban taɓa jin irin tasa ba. Nauyi gare ta, ga natsuwa, kamar kowace kalma sai ya wanke ta kafin ya miƙo. A bayansa kullum akwai teku, shuuu, shuuu, da wani tsuntsu da ke kuka jefi-jefi. Haka yake buɗe kowane saƙo: "Kina jin teku?"

Hotuna kuwa na taga ne, da na wani titi mai gangara, da na kofin shayi. Fuska ya ce sai ranar da ya zo, wai yana so in fara sanin halinsa. Na yarda. So hana ganin laifi, ni kuwa har ji ya hana ni. Abin da ya ƙara ɗaure ni, ya san garin da Yaya ya sauka. Ya faɗi shagon mai burodi da ke ƙasan bene, ya faɗi matar da ke shanya a baranda tana waƙa, duk abubuwan da Yaya ya taɓa ba mu labari. Ya ce yana bincika min shi.

Da Mai Sanyi suka amsa min bara, cewa ya yi, "Sanyin can zai kashe ki, ki jira ni." Na jira har damar ta wuce. Yanzu Mai Tsauni sun amsa. Abin da ya rage kawai in shiga shafinsu in danna na amince kafin ranar Alhamis ta ƙare, in ba haka ba su ba wa wani gurbina.

Ranar Litinin Gwaggo ta zo, yayar Baba, da jakarta mai zif uku da turarenta mai sa atishawa. Na fito da doguwar rigata ruwan toka da nake aiki da ita, ɗankwali ya zame, babban iyafis ɗin da nake sauraron aiki da shi na rataye a wuya. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke kullum kamar mai tuƙa jirgi. Zauna. An ce ƙasa kike zaɓa kamar mai zaɓen zani a kasuwa."

"Aiki ne, Gwaggo."

"Aikin da ake yi a gado? In a gado ake yi, me ya hana a yi shi a gadon nan? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗaya ya tafi muna nan muna kallon ƙofa, ke ma so kike ki ƙarasa baiwar Allahn nan?"

Inna na gefe tana tsince shinkafa a babban tiren ƙarfe, ba ta ɗago ba. Ta rame a 'yan shekarun nan, zoben hannunta har zare ta naɗa masa don kada ya zame.

"Ga yaro nan a bayan bango," in ji Gwaggo, "mai sana'a, mai kunya. Uwarki ta ce da gilashin wayarki ya fashe shi ya gyara, ko sisi bai karɓa ba."

"Gwaggo, mutumin da ko sallama ba ya yi? In na aure shi da wa zan yi hira, da caja?"

"Shiru ma magana ce. Wancan naki na waya, kin taɓa ganin hancinsa? Gani ya kori ji, yarinya."

"A wurina ji ne ya kori gani."

Sai a lokacin Inna ta yi magana, a hankali, idonta na kan shinkafa. "Shi na wayar, me ya ce miki kan tafiyar?"

"Ya ce in jira."

"To ai kin ji," ta ce. Na yi mamaki kaɗan, don Inna ba ta taɓa goyon bayan Na-Nesa ba sai a wannan magana ɗaya. Amma Gwaggo ta riga ta koma kan tsadar kifi, abin ya wuce.

Ranar Talata ina wanke fuska wayata ta zame ta faɗa ruwa. Na ciro ta da sauri, komai na yi, sifika ce kawai ta mutu. Na ce ko da me ake yi ba zan kai wa Malam Shiru ba, kada Gwaggo ta samu abin faɗa. Bayan azahar Inna ta ɗauki mayafinta ruwan ƙasa ta ce za ta duba maƙwabciyarmu mara lafiya, kamar yadda ta saba kusan kullum. Ni kuma na rufe kunnuwana na shiga aiki. Ba da jimawa ba saƙon Na-Nesa ya shigo. Kullum war haka yake turowa, ya ce lokacin hutunsa ke nan.

Ku lura da wani abu. Ban taɓa sauraron sa da kayan aiki ba. Waya nake karawa a kunne in kwanta in lumshe ido, don a ganina soyayya daban, aiki daban. A ranar dole ta sa na buɗe saƙon a kwamfuta, da babban iyafis ɗin da ke jiyo numfashin mutum daga ƙarshen ɗakin taro.

"Kina jin teku? Yau ya yi fushi. Masoyiya, na yi tunani kan Mai Tsauni. Can ba ki da kowa. Da ɗan gari akan ci gari. Ki bari wannan ma ta wuce, na kusa gama shiri."

Na yi murmushi, na mayar baya don in sake ji. Yatsuna suka hau rubutu da kansu, haka suka saba. [Igiyar ruwa.] [Kukan tsuntsu.] [Igiyar ruwa.] [Kukan tsuntsu.] Sai na tsaya. Tsuntsun nan kukansa na farko da na biyu iri ɗaya ne. Ba kama ba, iri ɗaya, har ɗan karyewar da ke ƙarshe. Na rage gudun sautin. Igiya babba, igiya ƙarama, tsuntsu, sai wani ɗan ƙit, sai a koma igiya babba. Na buɗe saƙon makon jiya, wanda ya ce teku ya kwanta luf. Igiya babba, igiya ƙarama, tsuntsu. Na buɗe na watan jiya. Shi ne dai. Tekun nan bai taɓa yin fushi ba, bai taɓa kwanciya ba, gutsure ɗaya ne ake kunnawa ana mayarwa.

Na ce wa kaina wataƙila ado ne, mutum ya naɗi teku yana sa wa budurwarsa, ba laifi ba ne. Sai na bar tekun na koma kan muryar. Nan na ga ɗinki. Natsuwar da nake mutuwa a kanta ashe yanka ce. Yana faɗin kalma uku ko huɗu ya tsayar, ya ci gaba, ya tsayar. An haɗa su da kyau, sai dai numfashinsa ba ya haɗuwa.

A wani tsohon saƙo, bayan tsuntsun, kafin ƙit ɗin, akwai ɗan guntun sauti, kamar wani ya buɗe baki zai yi magana aka katse shi. "In..." Iya nan. Ba muryar Na-Nesa ba ce. Na saurara har kunnena ya yi zafi ban gane ta wa ce ba, amma na san na taɓa jin ta.

Can ƙasa da komai kuma, ƙasa da teku da murya, akwai wani abu da ke kaɗawa. Ƙyas-ƙyas, shiru. Ƙyas-ƙyas, shiru. Fanka ce mai lanƙwasasshen fiffike. Na san fanka ɗaya tak a duniya mai wannan tafiya, don ni na lanƙwasa ta da sandar tsintsiya ina 'yar shekara tara, ina bin Yaya da duka a kan gadonsa. Na cire iyafis na ajiye. Gidan ya yi tsit, ko kaza babu. Na zauna ina kallon bangon ɗakina har na ji ƙarar ƙofar gida, Inna ta dawo tana cewa jikin maƙwabciya da sauƙi.

Na ci abinci, na wanke kwanuka, na amsa duk abin da ta tambaya. A raina ina cewa fanka ai ba ɗaya ba ce a duniya, ke dai kin cika kunne. Ina cewa ko Malam Shiru ne ya shiga wayata yake wasa da hankalina, in kuwa haka ne sai na sa an kwashe masa kaya zuwa titi. Tsoro da haushi suka haɗu suka hana ni sukuni. Abin da ya fi ci min rai, duk da haka ina kewar muryar.

Jiya Laraba, bayan azahar, Inna ta ɗauki mayafinta ruwan ƙasa.

"Zan leƙa maƙwabciya."

"A gaishe ta."

Na jira har ƙofar gida ta rufe. Na buɗe shafin Mai Tsauni a kwamfuta na bar shi a buɗe, sannan na rubuta wa Na-Nesa: "Na gaji da jira. Yanzu zan danna." Ban sa iyafis ba. A lokacin na gane cewa duk watannin nan, a daidai wannan sa'a, kunnuwana a toshe suke da muryoyin baƙi. Na cire silifas, na fita tsakar gida ba takalmi. Tiren shinkafar Inna na jingine a bango, na ɗauka. Dabarata ita ce in ya fara naɗa in saki tiren a ƙasa, in ƙarar ta fito a saƙonsa shi ke nan na kama shi.

Siminti na ƙona ƙafata. Igiyar shanya ko motsi ba ta yi. Na tsaya gaban labulen da ke rufe ƙofar Yaya, wanda rana ta cinye masa launi. Wayar na hannuna na hagu, a saman sunansa aka rubuta yana naɗar murya.

Sai na ji teku.

Da kunnena, ba ta waya ba. A gidanmu, a garin da ko rafi ba mu da shi, ina tsaye a busasshen siminti, igiyar ruwa na bugawa a bayan ƙofar da aka kulle shekaru. Igiya babba, igiya ƙarama. Sannan muryar da na haddace ta ce, "Kina jin teku?" Ban saki tiren ba, shi ya saki kansa. Ya daki ƙasa ya yi ta juyawa yana kuka kamar ba zai daina ba.

A ciki aka yi tsit, sai tekun da ya ci gaba. Tsuntsu ya yi kukansa. Na jira ƙit ɗin nan da ake mayarwa baya, bai zo ba. Wanda ke riƙe da abin ya firgita ya manta. Sai guntun sautin nan ya ƙarasa kansa.

"Inna, kina jin teku?"

Yaya ne. Muryar Yaya, da ɗan shaƙewar hancinsa, da dariyar da ke maƙale a ƙarshen maganarsa. Na durƙusa a wurin. Aka kashe sautin. Na ji takun ƙafa, na san takun, na ji makulli na neman rami, ƙofar da na ɗauka ta yi tsatsa ta buɗe ba ko ƙara, alamar ana sa mata mai. Labulen ya ɗaga. Inna ce, da mayafinta ruwan ƙasa, tsohuwar wayarta mai maɓallai a hannu, wadda ta ce mana ta lalace tun tuni.

A bayanta fanka na ƙyas-ƙyas. Malam Shiru na zaune a bakin gadon Yaya, waya a kusa da bakinsa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya miƙe, ya kalle ni ido cikin ido karo na farko.

"Ki... ki... ki y-yi haƙuri."

Muryar ce. Nauyinta, zurfinta, duk suna nan, sai dai a kakkarye. In'ina gare shi, shi ya sa ba ya gaisuwa, shi ya sa ba ya ɗaga kira. Sai na tuna ɗinkin nan, na hango shi yana maimaita kalma ɗaya sau nawa kafin ta fita lafiya ya turo min. Na so in tsane shi a take, wallahi na so, abin ya ƙi zama.

"Ni na sa shi," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba. "Kar ki zage shi. Na ce masa ya riƙe min ke, ko da wata shida ne, ko za ki huce. Ƙasar waje ɗaya na sani, wadda ɗan'uwanki ya ba ni labari, ita na ba shi."

"Har da cewa yana neman Yaya, Inna? Har da wannan?"

Ta runtse ido. "Wannan ni na ce ya faɗa. Ya ƙi, na yi masa kuka."

"S-sauran," in ji shi, "abin da n-nake ce miki... ba ita ta..." Maganar ta maƙale. Ya haɗiye ta, ya zura takalminsa ya fita ta ƙofar lungu, ya bar mu.

Ina kuka ina faɗa, ban san ma me nake cewa ba. Na ce ta sa na yi asarar Mai Sanyi, na ce ta mayar da ni abin dariya, na ce shekara nawa tana da muryar Yaya a hannunta tana kallona ina neman ko hotonsa mai motsi. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta zauna a dokin ƙofa, ta ajiye tsohuwar wayar a tsakaninmu.

"Saƙonsa na ƙarshe ne. Ji ki ga abin da ya sa."

Ta danna. Teku, tsuntsu, sai Yaya.

"Inna, kina jin teku? Daga tagar ɗakina ne. Lafiyata ƙalau, aiki na tafiya. In kika ji ni shiru kwana biyu kar ki damu, za su karɓi wayoyinmu ne a yi musu rajista. Ki yi min addu'a. Kuma Inna, kar ki kunna wa Kunnuwa wannan."

Saƙon ya ƙare. Inna ta goge hancinta da bakin mayafi.

"Na riƙe masa amana. Amma kullum sai na tambayi kaina, me ya sa ke? Me ke ciki da ba ya so ki ji? Na saurara har na haddace, ni ban ji komai ba sai ruwa." Ta turo min wayar da ɗan yatsa. "Tunda an kai nan, ke mai kunne, gaya min."

Na shiga ɗaki na ɗauko babban iyafis, na nemo abin haɗi, na dawo na zauna kusa da ita a ƙasa. Na rufe kunnuwana na danna. Yatsuna suka fara motsi a kan cinyata, Inna ta zuba musu ido.

Tekun na gaske ne, ta taga yake shigowa, amma tagar ƙarama ce kuma tana sama. Ɗakin ba shi da labule ko katifa, murya na dukan bango tana dawowa. Ba shi kaɗai ba ne, akwai numfashin mutane da yawa, kusa da juna, duk sun yi shiru. Wani yana kuka a hankali, ya toshe bakinsa da wani abu. Dariyar da ke ƙarshen maganar Yaya ba dariya ba ce, rawar murya ce. Daidai inda ya ce ki yi min addu'a, akwai takun takalmi mai nauyi, sai ƙofar ƙarfe, sai aka zura sakata. Ƙarar sakatar a toshe ta zo, daga wancan gefen ƙofar. Ta waje aka kulle su.

Na cire iyafis. Fanka na ta ƙyas-ƙyas a bayanmu.

"Me kika ji?"

Na kalli zoben nan mai zare, na kalli wuyanta da ya zama ƙashi.

"Teku ne kawai, Inna. Ya san zan yi ta tsokanarsa ne kan muryarsa, kin san shi."

Ta sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba, ta jingina kanta da ƙofa ta ce alhamdulillahi. Ni da na gama yi mata ihu kan ƙarya, ban ko tashi daga wurin ba na yi mata tawa.

Na koma ɗaki. Shafin Mai Tsauni na nan a buɗe, wurin dannawa na jirana, ƙasa mai wuta da sauƙin haya da agogo irin na masu ba ni aiki, duk abin da na yi shekara biyu ina nema. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na rufe shi, na buɗe na Mai Teku, na fara rubuta sunana.

Daga tsakar gida na ji Inna ta ɗauki tirenta tana kakkaɓewa. Muryarta har ta washe.

"Kunnuwa, kin fasa tafiyar ko?"

"Na fasa," na ce da ƙarfi. Sannan a hankali na ƙara, "waccan."

Ba ta ji ta ƙarshen ba. A gidanmu ni ce mai kunne.